Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hedimastoci da Malaman Firamare na Karkarar Jigawa: Yaron da Ya Manta Kalma Ba Daƙiƙi Ba Ne

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi muku sannu da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Na san halin da kuke koyarwa a ciki: aji cike maƙil, wasu yaran a benci wasu a ƙasa, alli sai an yi tsimi, littafi ɗaya kawuna biyar a kansa. Ni ma a irin wannan aji na yi aiki har na ajiye alli, yanzu kuma ina cikin kwamitin iyaye da ke kula da makarantar ƙauyenmu a ƙasar Haɗeja. Saboda haka wannan takarda ta ɗan gida ce, kuma roƙo ne a cikinta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hukuncin da ake yanke wa yara tun suna aji uku ko huɗu, a ce wane yana da kai, wane kuwa daƙiƙi ne. Galibi a kan abu ɗaya ake yanke shi, wato kalmomin Turanci. Ranar Litinin a cika allo da sababbin kalmomi, yara su bi malam da ƙarfi har a jiyo su daga bakin rijiya, su kwafe a littafi. Ranar Juma'a a yi gwaji. Wanda ya kawo biyu cikin ashirin ya sha bulala, a mayar da shi layin baya. Litinin ta gaba a goge allo a zuba wasu. Kafin shekara ta zagayo yaron ya yarda da abin da aka faɗa masa, ubansa ma ya yarda, sai a ce gara ya bi shanu ko ya kama fartanya, in yarinya ce a ɗora mata farantin talla. Wannan hukunci zalunci ne ko da ba da niyya ake yinsa ba, domin yadda ake ba da kalmomin ya saɓa wa yadda Allah ya tsara ƙwaƙwalwa take karɓarsu.

Ku bi yaron nan gida ku saurare shi. In ɗan masunta ne zai rarrabe muku tarwaɗa da karfasa da gaiwa da ragon ruwa da ƙurungu, ya gaya muku wanda ke shiga mali da wanda sai an ja taru. Ɗan ruga ya san kowace saniya da sunanta da launinta, da Fulatanci da kuma Hausa. A wajen Birniwa da Guri akwai yaran da ke tashi da Barbarci ko Badanci a gida, Hausa a kasuwa, ba sa haɗa wannan da wancan. Dubban kalmomi ne a kansu, ba wanda ya rubuta musu ko ɗaya a allo, ba wanda ya dake su a kai. Kan da ya ɗauki waɗannan duka lafiyarsa lau. Sai mu nemi abin da bakin kogi da makiyaya suke ba yaro wanda aji ba ya ba shi.

Kama kalma a karon farko abu ne mai sauri. A 1978 wasu masu bincike biyu a Amurka, Susan Carey da Elsa Bartlett, sun gwada yara 'yan shekara uku. An ajiye faranti biyu, aka ce wa yaro ya ɗauko mai launi kaza, aka ambaci wani suna da bai taɓa ji ba, aka ce ban da ɗayan, wanda ya riga ya san sunan launinsa. Yaran suka ɗauko wanda ake nufi, kuma bayan mako guda da yawansu suna riƙe da wani abu na wannan kalma. Sai dai riƙon na sama-sama ne. Kafin kalmar ta zauna daidai a bakinsu sai da suka ƙara jin ta na tsawon lokaci. Ihun da ajinmu ke yi ranar Litinin wannan kamun farko ne kawai. Malam ya ji muryoyi sun tashi tare ya ɗauka an iya, alhali yanzu aka ɗaura niyya.

A can cikin kai, daura da kunnuwa, akwai wani ɗan sashe, ɗaya a dama ɗaya a hagu, wanda likitoci ke kira hifokamfus. Nan sabon abu ke fara sauka. An gane girman aikinsa ne ta dalilin wani Ba'amurke, Henry Molaison, wanda aka yi wa tiyata a 1953 saboda farfaɗiya mai tsanani, aka cire masa mafi yawan wannan sashe ta ɓangarorin biyu. Ya warke daga tiyatar yana magana sumul da duk kalmomin da ya sani a da, ya kuma rayu har 2008, amma kalmomin da suka shigo harshensu bayan tiyatar kaɗan ƙwarai ya iya riƙewa. Wannan ya nuna wurin saukar sabuwar kalma daban, wurin zamanta daban. Kamar dami ne da aka ɗaure aka jingine a bakin gona: hatsin naka ne, amma muddin bai shiga rumbu ba, gara da dabba da ruwan sama duk suna da rabo a cikinsa. Rumbun kalma shi ne ɓawon ƙwaƙwalwa, inda sauran kalmomin harshe suke zaune suna haɗe da juna, kuma babban rabo na jigilar nan cikin barci ake yinsa.

Wannan ba zato ba ne. A 2007 Nicolas Dumay da Gareth Gaskell a Ingila sun koya wa mutane kalmomin ƙirƙira, wasu da safe wasu da dare, suka gwada su bayan awa goma sha biyu. Waɗanda suka koya da dare suka kwana a kai, an tarar sababbin kalmomin sun shiga sahun tsofaffin, har suna gogayya da makusantansu a sauti. Waɗanda suka koya da safe suka wuni a farke kuwa, hakan bai faru ba sai da su ma suka yi barci. Daga baya an gwada yara 'yan shekara bakwai zuwa goma sha biyu, aka ga haka. To, ku duba yaranmu. Wani yana gidan kallo har tsakar dare. Wata tana tallar dare, da asuba kuma ita ce a layin famfo. Wani sauro ne ya hana shi runtsawa. In kun zauna da iyaye ku gaya musu barcin yaro yana cikin karatunsa. Ku kuma, don Allah, kada ku yanke hukunci a kan kalmar da aka koyar yau yau. Yaron da ya kasa kawo ta da azahar, ku sake tambayarsa gobe da safe.

Mantuwa kuma tana da tsarinta. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna ta a kansa, ya ga mafi yawan asarar tana faruwa ne cikin awannin farko da kwanan farko, sannan ta lafa. Ya kuma ga maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Faɗin kalma sau ashirin a jere ranar Litinin bai kai faɗinta sau biyu yau, sau biyu jibi, sau biyu mako mai zuwa, sannan a sake taɓo ta bayan wata guda ba. Da ma an ce yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Mu da muka tashi kusa da tsangaya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Almajiri ya biya allonsa da dare a hasken wuta, ya kwanta, da asuba ya sake ɗauka. Ba ya wanke allo sai ya kife shi ya kawo wa malam da ka. Abin da ya wuce kuma ba a sakinsa, akwai tishi, akwai tilawa, kullum ana komawa baya. Kife allon nan shi ne asirin. A 2008 Jeffrey Karpicke da Henry Roediger sun ba ɗaliban jami'a a Amurka kalmomin Suwahili arba'in su koya. Kowa ya koye su duka. Daga nan wasu aka ci gaba da tambayarsu suna kawowa da ka, wasu kuma da zarar sun kawo kalma sau ɗaya aka daina tambayarsu ita. Bayan mako guda na farkon sun tuna kimanin 80 cikin ɗari, na biyun kuwa wajen kashi ɗaya cikin uku, har da waɗanda suka yi ta sake duba kalmomin a rubuce. Wahalar da yaro ke sha yana lalubo kalma a kansa, ya yi shiru, ya ɗaga ido sama, ya ciji leɓe, ita ce ke kafa ta. Idan malam ya gaji da jira ya faɗa masa, ko aji ya amsa gaba ɗaya, an ƙwace masa aikin da zai amfane shi. Minti biyar a farkon darasi, littattafai a rufe, ana tambayar kalmomin jiya da na makon jiya da na watan jiya, ba maki ba bulala, ya fi gwajin Juma'a amfani nesa ba kusa ba.

Amma akwai inda aji ya bambanta da tsangaya. Mai hadda lafazi yake tsarewa, fassara da tafsiri suna zuwa daga baya. Kalmar da yaro zai karanta lissafi da kimiyya da ita kuwa, dole ta zo da ma'anarta tun ranar farko, domin ƙwaƙwalwa ba ta ajiye kalma ita kaɗai. Tana ɗaure ta ne da sauti, da hoto, da abin da hannu ya taɓa, da kalmomin da aka riga aka sani. Sunan kifi ya zauna a kan ɗan masunta saboda ya gan shi, ya riƙe santsinsa, ƙayarsa ta soke shi, ya ji an yi cinikinsa. Saboda haka malamin da ya fassara sabuwar kalma da Hausa ko Fulatanci, ya shigo da abin cikin aji, ya sa yaro ya gina jimla a kan akuyar gidansu, bai ɓata Turanci ba. Ina jin takaici in na ji an hana yara buɗe baki da Hausa a aji, har da tara. Marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, Turanci kuma a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Ko wace manufa gwamnati ta tsayar a kan harshen koyarwa, ba za ta canza wannan ba: sabuwar kalma a jikin tsohuwa take kamawa.

Na san abin da wani zai ce: Malam, duk mun ji, amma darasi ɗaya ake yi wa aji, wani ya ɗauka wani ya kasa. Gaskiya ne, yara sun bambanta, ba na musu. Abin da nake musu shi ne a dunƙule bambancin a kira shi rashin kai, domin in an warware shi za a ga abubuwa ne daban-daban, kuma yawancinsu suna da magani.

Akwai riƙon kunne. Sautin da mutum ya ji yakan tsaya masa na 'yan daƙiƙu kafin ya shuɗe, kamar yadda ake riƙe lambar waya a baki kafin a rubuta. Susan Gathercole da Alan Baddeley sun nuna a 1989 cewa yadda ɗan shekara huɗu ke iya maimaita baƙuwar kalma marar ma'ana yana nuna yawan kalmomin da zai tara bayan shekara guda, kuma a Finlan an ga irin haka ga yara masu koyon Turanci a makaranta. Wani yaron ji ɗaya ya cafke doguwar kalma, wani kuwa kafin malam ya kai ƙarshenta farkonta ya zube masa. Wannan na biyun yana iya fin kowa lissafi da dabara. Abin da yake bukata a gutsura masa kalmar gaɓa-gaɓa, a hankali, ya ga bakin malam, ya gan ta a rubuce, a kuma rage masa yawa. Ga shi Turanci yana da sautukan da kunnenmu bai saba da su ba. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a 1984 cewa jariri kafin ya cika shekara kunnensa ya fara karkata ga sautukan harshen gidansu, yana sakin na waje. Shi ya sa yaronmu yake jin "p" da "f" abu ɗaya, yake kuma sa wasali tsakanin baƙaƙen da Turanci ke jerawa, kamar yadda Bature ke kasa bambance ƙ da k. Wannan horon kunne yake so, kuma horon yana ci.

Akwai kuma kunnen kansa, kuma a nan nake so ku tsaya sosai. Muna zaune a yankin sanƙarau, ƙyanda ba ta bar mu ba, ga ciwon kunne mai fitar da ruwa da yara ke yawo da shi wata da watanni ana toshewa da auduga. Duk ukun suna rage ji. Yaron da jinsa ya ragu ba ya cewa ba na ji, domin bai san yadda wasu ke ji ba. Za ku gan shi yana karkata kai gefe ɗaya, yana kallon bakin na kusa da shi kafin ya buɗe nasa, in an yi karatun baki ɗaya muryarsa tana biyo baya. In aka kira shi daga baya bai waiwayo ba sai a ce taurin kai ne. Sannan a ɗauke shi, saboda ya faɗi gwaji, a kai shi layin baya inda ko mai lafiyar kunne da ƙyar yake ji. Gwada shi ba ya bukatar na'ura a matakin farko: ku tsaya bayansa, ku faɗi kalmar Hausa da ya sani da murya ƙasa-ƙasa, ta dama sannan ta hagu, ku ce ya maimaita. In ya kasa, ku dawo da shi gaba, ku kira ubansa ku ce a kai shi asibiti.

Yunwa da ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro ba sai na tsawaita ba, kun fi ni ganinsu. Wanda ya zo bai karya ba hankalinsa ba ya tsayawa, abin da hankali bai tsaya a kai ba kuwa ba ya ma sauka balle a ajiye shi.

Wani bambancin daga gida yake tasowa. Yaron da kakarsa ke yi masa tatsuniya, ake hira da shi, ake aikensa da dogon saƙo, yana zuwa makaranta da kalmomi masu yawa, sababbi kuma su sami wurin kamawa. Keith Stanovich ya bayyana a 1986 yadda wannan rata ke faɗaɗa: mai kalmomi yana jin daɗin karatu, ya ƙara karantawa, ya ƙara samu, marar su kuma karatu ya zame masa azaba, ya guje shi. Masanin koyon kalmomi Paul Nation ya nuna mai karatu yana bukatar sanin kimanin kalma 98 cikin kowace ɗari kafin ya fahimci rubutu ba tare da taimako ba. Ku buɗe littafin aji huɗu ku ƙirga kalmomin da yaranku suka sani a shafi guda, za ku gane dalilin shirunsu. Maganin wannan rata yana hannunku: ku karanta musu labari da baki, da Hausa da kuma Turanci mai sauƙi, ku tsaya ku yi hira a kansa.

Bayan duk waɗannan, akwai 'yan kaɗan da Allah ya halitta da nauyin koyon harshe, ko da kunnensu lafiya, cikinsu a ƙoshe. Binciken da aka yi a Amurka da Ingila ya sa su wajen bakwai cikin ɗari. Alamarsu ita ce ko a Hausar ma maganarsu ta yi jinkiri, suna laluben kalma. Suna koyo, sai dai suna bukatar maimaici fiye da sauran, da malami mai haƙuri. Wanda ya shigo makaranta da girma kuwa, daga tsangaya ko daga ruga, kada ku yanke masa ƙauna. Ƙofar kalmomi ba ta rufewa da shekaru, manyan yara ma sukan fi ƙanana saurin tara su a farkon koyo.

Sai bulala. Ina girmama malaman da suka koyar da mu, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amma a kan wannan ba na sassautawa. Tsoro yana cinye ɗan wurin nan da yaro ke riƙe sauti da tunani a cikinsa. Kun sha ganin yaron da ya san amsa a waje, yana tsayawa gaban dorina ta ɓace masa, yana komawa mazauninsa ta dawo. Duka a kan mantuwa hukunta yaro ne a kan abin da kowace ƙwaƙwalwa take yi, har da ta malam. Abin da yake koya daga dukan shi ne kada ya sake ɗaga hannu, alhali ƙoƙarin kawo amsa, ko da kuskure ne aka gyara masa, shi ne hanyar da kalmar za ta zauna.

Roƙona gare ku, hedimastoci, ranku ya daɗe, ku kawo wannan magana a taron malamai na gaba. A rage kalmomin mako zuwa abin da za a iya juyawa, ko da biyar ne ko bakwai, a zaɓi waɗanda yaro zai sake haɗuwa da su. Kowane malami ya ware 'yan shafuka a bayan littafin shirin darasinsa, ya rubuta kalmomin da ya koyar da ranar da zai sake tambayarsu. Kalmar da aka koya a darasin Turanci, malamin lissafi da na kimiyya su ma su taɓo ta. Masu horar da malamai a Kwalejin Ilimi ta Gumel da jami'ar Kafin Hausa, in takardar nan ta iso gare ku, ku sa wannan cikin abin da ɗalibanku za su gwada a lokacin koyon aiki a makarantunmu na ƙauye. Mu kuma a kwamitin iyaye mun ɗauki namu: za mu bi gida-gida a kan barcin yara da karin kumallo, kuma duk yaron da kuka ce kuna shakkar jinsa, ku aiko mana, za mu raka iyayensa asibiti.

Allah ya ƙara muku haƙuri da lafiya, ya saka muku da alheri.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin aji, daga karkarar Haɗeja.